Babi na Bakwai: In An Ƙi Ba Yaronka Rancen Karatu

Darasi na 1: Nemo dalili

Da yawanku kun zo mini da waya a hannu, rai a ɓace, wai yaro ya nemi rancen NELFUND ba a amince ba. Ku kwantar da hankali. NELFUND asusun ba ɗalibai rance ne na gwamnatin tarayya, an fara karɓar buƙatun ɗalibai a watan Mayun 2024. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, na kashewa kuma, naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibi. Bashi ne marar ruwa, sai an shekara biyu da gama hidimar ƙasa ake fara biya.

Ka sa yaro ya buɗe shafinsa ya karanto maka abin da aka rubuta. Ka kwafe shi a littafinka da hannunka, ka sa kwanan wata.

Darasi na 2: Gwada suna

Nan ne mafi yawanku ke tuntuɓe, don haka nan za mu zauna.

Ɗauko takardu uku: ta NIN, ta banki mai ɗauke da BVN, da ta JAMB. Jera su a kan tabarma. Lambar NIN guda 11 ce, ta BVN ma 11. Ƙirga da yatsa. In ta ɓace, a danna *346# don NIN, *565*0# don BVN, da layin da aka yi rajistar da shi.

Yanzu ɗora yatsa a kan harafin farko na sunan yaro a takarda ta ɗaya, ɗaya yatsan a takarda ta biyu. Harafi ɗaya, ka tsaya. Na gaba, ka tsaya. Kada ka karanta sunan dunƙule. Muhammad, Mohammed da Muhammadu a gida mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani. Ba ta san yaronka ba, ba ta je sunansa ba.

Wata baiwar Allah a ajinmu har rantsuwa ta yi cewa sunan 'yarta ɗaya ne ko'ina. Muka ɗora yatsa. Takarda ɗaya Aishatu, ɗaya Aisha. Wanda ya cike mata fom a shagon kwamfuta ya yar da haruffa biyu. Ta riƙe baki ta ce, "Malam, wannan ɗan abin?" E, Hajiya, shi ne.

Ka gama? Sake. Wannan karon da takarda ta uku. Sannan duba jerin: wane suna ne a gaba, na yanka ko na mahaifi? An sa sunan gari a wata, babu a wata? Sai ranar haihuwa: 03/04 ba 04/03 ba ne. Ba komai in ka yi sau biyar, ni ma sai na maimaita.

Amma abin da ba na so shi ne a ɗaga takarda daga nesa a ce mini, "Ai shi ne, Malam." Ba shi ba ne sai yatsa ya tabbatar! Sau nawa zan faɗa? Mutum ya yi kuɗin mota har makarantar yaro, ya kasa zaman minti goma a kan tabarmarsa. Harafi, harafi. In an ga bambanci, a je inda kuskuren yake: NIN ofishin NIMC (hukumar katin ɗan ƙasa), BVN banki, JAMB ofishinsu. Wani wurin za a nemi takardar rantsuwa daga kotu.

Darasi na 3: Takardar koke

Makaranta ce ke tura bayanan ɗalibanta, don haka yaro ya rubuta wa ofishin kula da harkokin ɗalibai. Cikakken suna, lambar ɗalibta, lambar JAMB, dalilin da kuka kwafa, gyaran da aka yi, sai roƙon a sake dubawa. Layi shida sun isa. Ba zagi, ba dogon labarin talauci. A haɗa hotokwafi, kada a ba da na asali. A yi kwafi biyu, a sa a buga hatimi a ɗaya ku riƙe. Kafin a miƙa, a sake gwada sunan.

Darasi na 4: Bibiya

Bayan mako biyu yaro ya koma ya tambaya. Neman rancen kyauta ne, kada ku ba kowa kuɗi.

Darasi na 5: In tallafin jiha aka janye

Haka dai za a yi, amma ga hukumar tallafin karatu ta jiharku. A haɗa da sakamakon jarrabawa.

Aiki: ku zo da takardun nan uku ranar Laraba.