Yadda Ake Rarraba Harɗaɗɗun Kalmomin Holanci da Furta Su

Mutanen Holan da na arewacin Beljiyam sukan haɗa kalmomi biyu ko fiye su rubuta su a dunƙule, saboda haka aikin farko ga mai koyo shi ne ya gano mahaɗar kafin ya buɗe baki. A fara daga ƙarshe, domin kalmar ƙarshe ce ke riƙe da ainihin ma'ana, ita ce kuma ke zaɓar "de" ko "het", ƙananan kalmomin da ake sawa a gaban suna kamar "the" a Turanci: ana cewa het huis, wato gida, amma de huisdeur, ƙofar gida, saboda deur tana ɗaukar "de".

Wajen raba gaɓoɓi, iyakar kalma ake bi. Tandarts, likitan haƙori, ana raba ta tand-arts, ba tan-darts ba, kuma "d" ɗin nan tana fita kamar "t" tunda a ƙarshen kalmar tand take. A nan ne, a ganina, masu koyo suka fi tuntuɓe, domin valkuil, ramin tarko, val-kuil ce, amma wanda ya yanka ta valk-uil ya haɗa shaho da mujiya ke nan.

Nauyin murya yakan sauka a kan kalmar farko, sai 'yan tsiraru irin su stadhuis, ofishin hukumar gari, da ake danna ƙarshensu. A lura da haruffan haɗi, "s" a dorpsplein, dandalin ƙauye, da "en" a pannenkoek, wani irin fanke, wadda kafin gyaran ƙa'idojin rubutu na 1995 ake rubutawa pannekoek. Idan wasula suka ci karo har karatu zai rikice, sai a sa karan ɗori, kamar zee-egel, bushiyar teku.