Yadda nake amfani da kurkur ba tare da na wahalar da hantata ba

Na fi shekara 10 ina sa kurkur a girki, wanda wasu ke kira gangamau. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ƙanwata ce. Ta sayi kwalbar ƙwayoyin kurkur don "wanke hanta", tana sha safe da yamma. Wata biyu ba su cika ba idonta ya yi ɗorawa, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi. Ciwon shawara ne. Likita ya sa ta daina, Allah ya taimaka ta warware.

Sinadarin da ke ba kurkur launinsa shi ake kira kurkumin, kuma bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba. A gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye, an ga yana rage irin lalacewar da iska ke yi wa ƙwayoyin jiki, kamar yadda ƙarfe ke tsatsa in an bar shi a damina. Kan wannan ake tallarsa. Amma jikin mutum ba ya tsotse shi da yawa, yawancinsa wucewa yake yi.

Ga yadda nake yi. Saiwar nake saya, in wanke, in yayyanka, in shanya, in daka da kaina. Gari mai launi tangaran ba na yarda da shi, domin a Bangaladash an kama ana haɗa shi da sinadarin dalma don ya yi kyau a ido. Sai in ɗebi rabin ƙaramin cokali in zuba cikin mai lokacin da albasa ke soyuwa, don a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. In barbaɗa masoro kaɗan. Wani bincike a Indiya a 1998 ya nuna sinadarin da ke cikin barkonon nan baƙi na ninka abin da jiki ke tsotsa har sau 20.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A tukunyar da mutum 6 za su ci, wannan ninki ba matsala ba ne. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa iyakar kurkumin miligiram 3 a kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato 180 ga mai kilo 60. Ƙwaya ɗaya ta kwalba kuwa kan kai miligiram 500, an kuma haɗa ta da sinadarin barkonon. A 2019 Italiya ta samu mutane fiye da 20 da ciwon hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi.

Mai ciwon hanta, da mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, don Allah ku bar ƙwayar sai da izinin likita.

Batun maƙoƙo kuma, ko da wani ya ce kurkur na maganinsa, kurkur ba ya maye gurbin gishiri mai aidin. Hajiyarmu tana shan maganin maƙoƙo, kuma da ruwa zalla take shansa da asuba, cikinta ba komai. Sai an yi kamar awa ɗaya nake kai mata kumallo. Kurkur kuwa sai a shinkafar rana.