Yadda za ka yi bayanin waƙarka ba tare da ka kashe ta ba

Mawaƙa, musamman ku masu tasowa, yanzu kowa ya saki waƙa sai ya biyo ta da bidiyo a TikTok ko Facebook yana bayanin abin da yake nufi, to ba laifi ba ne amma abin yana da tsari.

Da farko dai ka bari waƙar ta sha iska tukuna, a ji ta a adaidaita sahu da gidajen biki, a yi musu a kanta a majalisa. In ka riga kowa cewa ga ma'anarta shikenan ka rufe bakin mutane.

In ka tashi magana ka faɗi abin da mai sauraro ba zai taɓa sani da kansa ba. Ɗauki waƙoƙin Narambaɗa, mawaƙin fadar Sarkin Gobir na Isa, wallahi matashin Kano na yau zai ji daɗin kotso da amshi amma rabin zancen wuce shi zai yi, saboda Hausar yankin Sakkwato ce ga sunayen sarautu ga mutanen fada da ba wanda ya san su yanzu, sai an samu wani dattijo ko malamin jami'a ya warware sannan ka ji ashe abin ya fi yadda kake zato. Kai ma haka, in ka sa kalmar ƙauyenku ko sunan wani gari ko wani kirari na gidanku, fassara mana. Gaya mana me ya sa ka sa kalangu a inda kowa ke sa fiyano. In kana da rikodin ɗin farko da ka yi a waya kana gunguni kafin ka shiga situdiyo, kunna mana, wannan ya fi dogon surutu armashi nesa ba kusa ba.

Habaici kuwa kar ka kuskura ka buɗe shi. Mai hira dole ya tambaye ka "da wa kake a baiti na uku?" Yi dariya kawai ka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ranar da ka kama suna waƙa ta tashi daga waƙa ta koma rigima, wani lokacin har kotu.

Kuma don Allah ban da "wannan baitin zai sa ku kuka", mu za mu faɗa maka in mun yi kukan. Baitin da sai ka yi minti goma kana kare shi kafin a gane, ba bayani yake buƙata ba, koma ka sake rubuta shi.

Bidiyon kar ya wuce minti biyu ko uku, data tsada take. Ka ambaci mai kiɗa da 'yan amshinka da sunayensu, yawanci su ake mantawa.