Uwargida, wuƙa ɗaya mai kaifi ta fi miki saitin nan na kayan ɗaki

Dan Allah 'yan uwa mata yau maganar wuƙa nake so mu yi, don gaskiya abin yana damuna. Za ki shiga kicin ɗin mace ki ga tukwane na gani na faɗa, ga kuloli ga bilenda ga gas mai kai huɗu, amma da kin ce a miƙo miki wuƙa sai a kawo wata aba da ko tumatir ba ta iya shiga, sai dai ta lotsa shi ruwan ya tsiyaye a faranti. Alhali duk girkin da za ki ɗora, tun daga miyar kuka har dambun nama, da wuƙa ake farawa.

Mutane da yawa tsoron wuƙa mai kaifi suke yi, wai kar ta yanke su. To wallahi dakusasshiyar ta fi haɗari, saboda sai kin danna da ƙarfi kafin ta ci, kuma a wajen dannawar nan ne take zamewa daga kan ɓawon albasa ta sauka a yatsa. Mai kaifi kuwa inda kika ɗora ta nan take shiga. Hatta hawayen albasa yana raguwa, domin dakusasshiyar wuƙa murƙushe albasar take yi, yajin ya tashi da yawa ya shiga ido. Haka alayyahu da latas, in aka yanka da mara kaifi sai ki ga gefen ya yi baƙi ya yi yaushi tun kafin a kai ga tukunya.

Wajen saye, ki manta da saitin nan mai wuƙa goma sha biyu a cikin katako da ake jerawa amarya, yawancin masu arhar ƙarfensu laushi ne da shi, ko kin wasa ba ya riƙe kaifi. Kuɗin ki haɗa ki sayi babba guda ɗaya mai kyau, wadda tsawon bakinta ya kai kamar inci 8, wato wajen santimita 20, ita za ta yi miki nama da kabewa da kabeji da komai. Sai ƙarama mai inci 3 ko 4 ta feraye dankali da gyaran attaruhu. Ƙashi kuma ki nemi adda ko wata mai kauri daban, kar ki kuskura ki sara ƙashin rago ko daskararriyar kaza daga firiza da wuƙarki ta kirki, bakin ne zai ɓantare.

In kin je kasuwa ki riƙe ta a hannu tukuna kafin ki biya. Ki duba ko ƙarfen ya ratsa cikin ƙotar har ƙarshe an kama shi da ƙusa biyu ko uku, don masu ɗan guntun ƙarfe da aka cusa cikin roba su ne ki ke cikin aiki ƙota ta fita. Ki girgiza ki ji ko tana motsi. Ki kuma ɗaga ta ki kalli bakin ta tsaye, in ya karkace ki ajiye musu abarsu.

Ƙarfen iri biyu ne. Akwai farin nan da ba ya tsatsa, wanda wani Bature Harry Brearley ya gano a garin Shafil na Ingila a 1913, sinadarin kuromiyam da ke ciki shi ke hana shi tsatsa, shi ya fi sauƙin kula musamman in gidan da yara ko 'yar aiki. Sai kuma baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu, wanda sau da yawa daga tsohon sifirin ɗin mota suke ƙera shi, kuma ni dai ina ganin muna raina wuƙar maƙera ba gaira ba dalili. Ki tsaya wajen mai kilishi ki kalli yadda yake shimfiɗa tsoka yana zare ta har ta koma fale-fale ana hango haske ta ciki, ki dubi abin da ke hannunsa, yawanci ba wata wuƙar kanti ba ce. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi, matsalarsa kawai ba ya son ruwa, kuma lemon tsami da tumatir suna sa shi ya yi duhu, wannan duhun ba datti ba ne ba ya cutarwa, jar tsatsa ce dai ba a so.

Yanzu wasawa, nan ne aikin yake. Ki samu dutsen wasa wuƙa, na kasuwa mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai santsi. Ki jiƙa shi da ruwa, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasansa don kar ya riƙa gudu. Yadda za ki gane kwanciyar da ta dace, ki tsayar da wuƙar a kan dutsen a miƙe, ki kwantar da ita rabi, ki sake kwantar da rabin wannan, to kin zo kusa da digiri 20 ɗin da ake so. Daga nan ki riƙa tura ta a hankali tun daga gindi har tsini ba tare da kin canza kwanciyar ba, kar ki yi sauri kar ki danna da yawa, har sai kin shafa ɗaya gefen da yatsa daga baya zuwa baki kin ji wani ɗan kaushi ya fito, wannan shi ne alamar kin kai. Ki juya ki yi wa ɗaya gefen haka, sannan ki koma fuska mai santsi ki goge kaushin. Ki gwada da takarda ko nunannen tumatir, in ta wuce sumul shikenan.

In ba dutse kusa, ki kifa kofin tangaran, zoben nan na gindinsa mara sheƙi yana ɗan tayar da kaifi. Sandan ƙarfen da mahauta ke goga wuƙa a kai kuwa miƙar da baki yake yi in ya lanƙwashe, ba ya maye gurbin dutse. Masu injin wasa da ke zagayawa unguwa ma suna da amfani in baki ya ɓantare, amma ki ce masa ya riƙa tsoma ta a ruwa, don in ƙarfen ya yi zafi har ya canza kala ya yi shuɗi-shuɗi to ya mutu, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Kuma maigida, lokacin layya a wasa tun kwana biyu kafin sallah, hadisi ne ingantacce cewa mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, in wuƙa ta yi kaifi ki rage yankan nan na tafin hannu da muka saba da kuɓewa da albasa. Ki samu katakon yanka, ki lanƙwashe yatsunki ciki ki riƙe abin da ki ke yankawa. Banda kan tire ko tayil ko farantin tangaran, su ke cinye kaifi nan take. Da kin gama ki wanke ki goge ta bushe, kar ki jefa ta cikin ruwan wanke-wanke mai kumfa wani ya zo ya zura hannu, in ta maƙera ce ki shafa mata ɗan man gyaɗa, ki sa ta a kube ko ki naɗa mata kwali ki ajiye a sama inda hannun yara ba ya kaiwa.