Yadda za ka shiga laccar adabi ta Zoom daga Gombe

Lokacin da Korona ta sa aka rufe jami'o'i a watan Maris na 2020, wasu laccocin adabi da tarihi suka koma intanet. Ga yadda za ka bi.

Da farko, cika wayarka da caji tun da hantsi, don wuta ba ta da alƙawari. Sauke Zoom, manhajar taro ta bidiyo, sannan ka danna mahaɗin da malam ya turo a rukunin WhatsApp. Rubuta cikakken sunanka, ba laƙabin da 'yan Tudun Wada suka san ka da shi ba.

Da shigarka, kashe makirufo. Wannan shi ne babba. Malam na tsakiyar warware baitin waƙa, sai carar zakara ko kiran mai tallar awara ya cika kunnen kowa. Kashe kyamara ma, ita ke shanye data.

In kana da tambaya, danna alamar ɗaga hannu ka jira. In an kira ka, yi sallama, ka ce "Allah ya gafarta malam", ka taƙaita.

Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, sai ka sake danna mahaɗin nan.