Yadda Ake Haɗa Jegi, Abin Wasan Koriya

A ƙauyen tarihi na Yongin, Koriya ta Kudu, wanda aka buɗe a 1974, yara da manya kan buga jegi, wani ɗan abin wasa mai geza da ake bugawa sama da ƙafa, a bikin sabuwar shekara.

1. Samo kwabo mai huji da takarda marar kauri. Hanji, takardar gargajiya ta Koriya, ta fi ƙarko.
2. Naɗe kwabon a tsakiyar takardar.
3. Huda daidai ramin, ka zuro bakin takardar biyu ta ciki, ka ja sosai.
4. Yayyaga su siri-siri su zama geza. Kada ka yi gaggawa a nan, gezar ce ke rage saurin faɗowarsa.
5. Riƙa buga shi sama da gefen ƙafa na ciki. Wanda ya fi yawan bugu kafin ya faɗi ƙasa shi ya ci.