Sauya wa Golf GTI Rim Daga Inci 18 Zuwa 17

Fara da ma'auni. Golf GTI Mk7 (ƙirar ƙarni na bakwai) na ɗaukar rim 5x112, wato mai ramukan noti biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 112, ramin tsakiya milimita 57.1. Nemi na alminiyam marar nauyi, ka sa masa taya 225/45 R17 maimakon 225/40 R18. Tsayinsu kusan ɗaya, amma robar ta inci 17 ta fi kauri a gefe, ta fi shanye ramukan hanya.

Kafin ka biya, gwada ɗaya a ƙafar gaba. Juya shi da hannu, ka durƙusa ka leƙa: kada ya gogi birki ko kaɗan. Nan mutane ke tafka asara.

Sassauta notuna tun motar na ƙasa, sannan ka ɗaga da jak. Cire tsohon rim, kankare tsatsa a mazauninsa, ɗora sabon, ɗaure notuna a tsallake zuwa 120 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri). Bayan kilomita 50, sake duba ɗaurin.